Itacen Jegon Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho tana rangaji.

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka!

To, ku matso. Ku daina kallon idona, ba kuka na yi ba, hayaƙi ne. Wanda ya bar mini itace a tsakar gida ɗazu ruwa ya dake shi ya san kansa, ba zan kama suna ba. Ya dai buɗe kunnensa.

Wani mutum ne, sunansa Nomau. Nomau ba malalaci ba ne, ba kuma marowaci ba ne. Cutarsa ɗaya ce, kunya. Ba irin kunyar nan da ke ƙara wa mutum kwarjini ba, a'a, irin wadda ke toshe kunne.

Matarsa Shawai ta samu cikin fari. Da ciki ya tsufa, aka mai da ita gidan uwarta, Iya Tumba, can ƙarshen gari, don ta haihu a gaban uwa. Kun dai san al'ada. Mace in ta haihu, kwana arba'in za ta yi tana wanka da tafasasshen ruwa, safe da yamma. In wankan ya yanke, sanyi ya shige ta, irin sanyin da ba ya fita. Ruwa kuma ba ya tafasa da fatan alheri, sai da itace. Itacen kuwa na miji ne. Shi zai saro, shi zai faskara, shi zai jibge a ƙofar gidan surukai, kowa ya wuce ya ga irin mijin da 'yarsu ta samu.

Nomau ya ɗauki gatari ya shiga daji. Ya saro kirya, ya saro marke. Kai arba'in, kowace rana da nata. Ya jibge a ƙofar gidan Iya Tumba, tsibi ya wuce danga tsawo. Masu wucewa suna cewa, "Kai, Shawai ta yi dacen miji!" Shi kuwa yana sunkuyar da kai, daɗi na neman kashe shi.

Amma fa bai taɓa haɗa ido da surukar tasa ba. In ta ɓullo ta gabas, ya bi ta yamma. In ya ji tarinta daga zaure, ya kwashi takalmansa a hannu. Ita ma tana jin nauyinsa, don haka in tana da magana sai ta aiki akuyarta, wata tsohuwar akuya mai yagaggen kunne.

Ana nan, ana nan, sai gabas ta fara haɗe rai. Damina ta ƙarato, Shawai ba ta sauka ba tukuna. Nomau ya tsaya gaban itace yana tunanin abin da zai rufa.

Sai ga Zakara yana taƙama. Ya ce, "Nomau mai itace, me ya same ka?"

Ya ce, "Ruwa na tafe, ban san abin da zan rufa ba."

Zakara ya buɗe fuka-fuki ya juya. Ya ce, "Dube ni. Nan ƙofar surukai ce, ba kangon jaki ba. Rufa abin da in an gani za a ce mijin Shawai ba matsiyaci ba ne."

Nomau ya ruga gida. Ya ɗauko gwadonsa na saƙi, ya ɗauko babbar rigarsa ta sallah, rinin shuni. Ya lulluɓe itace, itace ya fito kamar ango. Yana cikin gyara gefe sai ga Akuya.

Ta ce, "Nomau, Iya ta ce in gaya maka..."

Sunan Iya kawai ya ji. Ya ce a ransa, "Shi ke nan, ta ga aibu a aikina." Ya sa yatsu ya toshe kunne, ya zura da gudu.

Akuya ta ce, "Ikon Allah."

Da la'asar Hadari ya iso. Ya tsaya bisa itace yana waƙa:

"Na wane ne, na wane ne?
Na Nomau ne mai gudu.
Me ya rufa, me ya rufa?
Bari in taɓa in ji."

Ya taɓa, ya ji laushi. Ya zuba, ya zuba, ya ƙara. Gwado ya sha ruwa ya ƙoshi, ya shayar da itace. Riga ta saki shuninta. Da gari ya waye, kirya da marke duk sun zama shuɗaye. Mata masu zuwa rijiya suka sauke tuluna don dariya. Wata ta ce, "Itacen Nomau ya sha rini, ko shi ma gidan suna za shi?"

Nomau ya ji daga bayan kuka. Bai fito ba sai da rana ta take tsaka, kowa ya shige inuwa. Ya baje itace ya shanya, kansa a ƙasa.

Kwana biyu, gabas ta sake haɗe rai. Nomau ya tattara itace, bai ko gama bushewa ba. Sai ga Kunkuru yana jan jiki.

Ya ce, "Na ji abin da Zakara ya yi maka. Shi kwalliya ya sani. Dube ni, ka taɓa jin ruwa ya taɓa bayana? Nemo abu mai tauri ka naɗe shi tam, kada ka bar ko ƙofar allura."

Nomau ya tafi wurin majemi ya samo kirgi uku, fatun shanu manya. Ya naɗe itace daga sama har ƙasa. Ya ɗaure da igiya, ya danne gefe da duwatsu. Yana ƙulla igiyar ƙarshe sai ga Akuya.

Ta ce, "Nomau, don Allah tsaya. Iya ta ce..."

Ya toshe kunne. Ya juya zai gudu, ya saki kunne ke nan, sai ya ji muryar Shawai ta bayan danga, a hankali, muryar mai nauyin ciki.

Ta ce, "Maigida, ka ji saƙon Iya kuwa?"

Ya ce, "Ba sai na ji ba. Ki ce mata na gyara."

Ta ce, "Ai magana ce kaɗan."

Ya ce, "Na ce na gyara!" Ya yi gaba.

Da la'asar Hadari ya iso da waƙarsa:

"Na wane ne, na wane ne?
Na Nomau ne mai gudu.
Me ya rufa, me ya rufa?
Bari in taɓa in ji."

Ya taɓa, ya ji tauri. Ya zuba, ruwa ya gangare. Sai ya yi dariya ya ce, "Ni ban shiga ba. Amma ka kulle ƙanena Danshi a ciki, ka kuma hana Iska ta fitar da shi. A gaishe ka, Nomau."

Rana ta fito ta dafa fata. Ƙasa ta turo danshi daga ƙasa. Itace ya yi ta gumi, babu inda zai sha iska. Bayan kwana bakwai Nomau ya kwance igiya, wari ya buge shi. Fumfuna fari fat, laimar kwaɗi ta tsiro a kan marke. Karnuka suka taru don warin fata, mutane suka bi da hannu a hanci. Wani tsoho ya ce, "Yaro, itace ka ajiye ko daddawa?"

Nomau ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya kankare, ya shanya, ya sake jibgewa.

Ku lura fa, yara. Zakara bai taɓa hura wuta ba. Kunkuru bai taɓa ɗora tukunya ba. Ga tsohuwa a bayan danga, shekara sittin tana gaban murhu, ita ce kaɗai bai tambaya ba.

Gabas ta haɗe rai karo na uku. Sai ga Zanzaro, siririn ƙugu, yana shawagi.

Ya ce, "Tufa tana jiƙewa, fata tana wari. Dube ni, da me nake gini? Kwaɓa laka ka yaɓe shi duka. Ruwa ba zai shiga ba, ido ma ba zai shiga ba. Wa zai yi wa abin da bai gani ba dariya?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama Nomau. Ya kwaɓa laka, ya yaɓe itace sama da ƙasa kamar rumbu marar baki. Yana shafe saman sai ga Akuya, tana haki.

Ta ce, "Nomau, karo na uku ke nan. Iya ta ce..."

Ya toshe kunne da hannu duk laka, ya ranta a na kare.

Hadari ya zo, ya yi waƙarsa, ya taɓa. Bai ma ɓata ruwansa ba. Ya kasa kunne, ya ji ana guɗa a ƙarƙashin ƙasa. Sarauniyar Gara ce take ce wa jama'arta, "Wane bawan Allah ne ya gina mana fada, ga duhu, ga laka, ga abinci har rufi? Ku shiga, 'ya'yana, ku ci, ku sa masa albarka."

Suka shiga. Suka ci, suka ci, suka ci.

Kwana ashirin bayan haka, da hantsi, aka ji guɗa a gidan Iya Tumba. Aka aika wa Nomau: "Shawai ta sauka lafiya, an samu 'ya mace. A zo a buɗe itace."

Ya zo da gudu da dagi a hannu. Mata duk suna ciki, babu kowa a ƙofa. Ya fasa laka, ya zura hannu. Ya kamo kirya, kirya ta marmashe. Ya kamo marke, marke ya zube gari. Kai arba'in, babu abin da ya rage sai jar ƙasa da ɓawo.

Daga ciki ya ji kukan jaririya. Ya ji ana cewa, "A ɗora ruwa!"

Me kuke tsammani ya yi? Ya shiga ya faɗi gaskiya? Ina! Ya mayar da ɓallin laka ya toshe ramin, ya bi ta bayan gari, ya shige daji. Ya hau wani tudu ya zauna, ya haɗa kai da gwiwa.

Da yamma ya ɗaga kai, ya hango hayaƙi na tashi daga gidan Iya Tumba. Siririn hayaƙi, irin na busasshen itace. Kashegari da safe hayaƙi, da yamma hayaƙi. Rana ta uku da safe ma haka. Nomau ya ce, "Da me suke hura wutar nan?"

Ran nan an tashi da yayyafi. Ya saɗaɗo, ya laɓe a bayan danga, ya leƙa ta tsakanin kara.

Ga tukunyar wanka tana tafasa. Ga Iya Tumba ta taka turmi, ta miƙa hannu, tana zare sandunan tsaikon ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Rabin jinkar ya riga ya tafi. Ruwa na sauka kan tabarmarta, zanenta ya manne a jiki.

Sai wata maƙwabciya ta leƙo daga zaure ta ce, "Iya, sannu da hidima. Yaya itacen surukin naki, bayan duk wahalar nan?"

Iya Tumba ta sauko da sauri ta tare ƙofa da jikinta, don kada matar ta hango ɗakin. Ta ce, "Lafiya lau, ai shi nake ta ƙonawa. Kirya ce busasshiya, kamar a ce mata kama ta kama. Yaron nan ya iya zaɓen itace."

Yara, dariyar mata a rijiya ba ta yi wa Nomau abin da wannan yabo ya yi masa ba. Ya durƙushe a cikin taɓo, hawaye na zuba. Ya yunƙura zai sake gudu, ya ji an danne masa riga. Ya waiga. Akuya ce ta taka bakin rigar, jikinta sharkaf. Kun san kuwa babu abin da akuya ta ƙi jini kamar ruwan sama.

Ta ce, "Yau kam sai ka ji. Ran farko rumfata aka ƙona, shi ya sa ka gan ni haka. Rana ta biyu gadon Iya. Yau jinkarta. Gobe ban san me ya rage ba."

Nomau ya ce, "Faɗi, ina ji."

Ta ce, "Iya ta ce, a jera duwatsu a ƙasa, a ɗora itace a kai, don gara da danshi. A kafa gwafa huɗu, a yi masa 'yar jinka ta ciyawa, mai gangara. Gefe kuma a bar shi a buɗe, Iska ta shiga ta fita. Shi ke nan."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Saƙon da na bi ka da shi sau uku ke nan, ko numfashi uku bai kai ba."

Nomau ya dubi ɗakin tsohuwa. Jinka ba ta saƙuwa a wuni ɗaya, amma yana da tasa a kan ɗakinsa, sabuwa. Sai dai jinka ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Sai maza goma sha biyu sun sa kafaɗa. Maza kuwa ba za su ɗauki jinkar mutum su ratsa gari da ita ba sai sun ji dalili.

Ya tashi da taɓonsa, ya nufi dandali. Maza na zaune a rumfa suna jiran yayyafi ya ɗauke. Suka ce, "A'a, angon ƙarni! Ina ka shige kwana uku?"

Ƙafarsa ta ce a gudu. Ya dafe ginshiƙin rumfa ya riƙe.

Ya ce, "Jama'a, gudu na yi. Itacen da kuka yaba, gara ta cinye shi tas, ni na gina mata ɗaki a kai. Sau uku surukata tana aiko mini da yadda ake yi, sau uku ina toshe kunne. Kwana uku ke nan tana ƙona ɗakinta don matata ta yi wanka, tana kuma ce wa mutane itacena ne. Ku taimake ni mu kai mata jinkata."

Ya jira dariya, dariya ba ta zo ba. Tsohon nan mai maganar daddawa shi ya fara miƙewa. Ya ce, "To, me ake jira? A tashi."

Suka je, suka sa kafaɗa. "Hoɓɓasa!" Jinka ta tashi. Suka ratsa gari da ita da rana tsaka, Nomau a gaba, kowa na kallo, kowa ya san dalili. Suka sauke ragowar ta Iya, suka ɗora sabuwa. Kafin magariba kowane gida ya aiko da ɗan abin da ya ɓoye na busasshen itace. Nomau ya tuge dangarsa, ya ɓalle gadonsa, ya haɗa. Kashegari ya shiga daji neman matattun itatuwan da suka bushe a tsaye.

Ya jera duwatsu. Ya ɗora itace. Ya kafa gwafa huɗu, ya yi 'yar jinka mai gangara, ya bar gefe a buɗe. Ragowar ciyawar ya yi wa Akuya rumfa da ita.

Hadari ya iso:

"Na wane ne, na wane ne?
Na Nomau ne mai..."

Sai ya tsaya, don ga Nomau a tsaye bai gudu ba. Ya zuba ta sama, ruwa ya bi ciyawa ya gangare. Ya bi ta ƙasa, duwatsu suka tare. Ya watso ta gefe, Iska ta biyo baya ta busar. Ya ce, "Wannan ba shawarar Zakara ba ce. Wannan wadda ta san murhu ce ta faɗa." Ya tattara ya yi yamma.

Saura abu ɗaya. Nomau ya tuɓe takalmi, ya shiga gidan, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya Tumba. Idonsa a ƙasa ya ce, "Akuya, ki ce wa Iya ta yafe mini."

Daga ciki tsohuwa ta ce, "Akuya, matsa gefe. Wannan da bakina zan faɗa."

Ta fito ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ɗan nan, ɗago kanka."

Ya ce, "Ba zan iya ba, Iya."

Ta ce, "Ka iya tsayawa gaban maza a dandali, za ka iya. Ɗago."

Ya ɗago. Ran nan ya fara ganin fuskarta sosai, idanunta sun yi ja don hayaƙi.

Ta ce, "Gado ba komai ba ne. Jinka ma ba komai ba ce, da ta ƙare ƙyauren zan ƙona. Ƙaryar da na yi wa maƙwabta kuma Allah ya yafe mini. Wadda ta fi mini nauyi ita ce wadda na yi wa yarinyar nan. Kwana uku idonta na kan ƙofa, ko motsin kaza ta ji sai ta ce, 'Iya, shi ne?' Ni kuma ina ce mata ka tafi ƙaro itace."

Nomau ya sake sunkuyar da kai.

Iya Tumba ta ɗaga labule ta ce, "Shiga ka ga 'yarka. Ka kuma gaya wa uwarta inda ka je, da bakinka. Akuyata ta gaji da aike."

Ya shiga.

Shawai ta yi wankanta arba'in cif, ko sau ɗaya ruwa bai huce ba, sanyi bai taɓa ta ba. Shi kuwa Nomau daminar nan a ɗaki marar jinka ya ƙarasa ta, bai kuma yi wa kowa ƙorafi ba.

To, kun ji. Kunyar babba abu ne mai kyau, amma in ta hana ka tsayawa ka ji abin da ya sani, wani ne zai sha wahalar, kai kuma ka kwashi kunyar da ta fi ta farko. Abin da ba ka sani ba, tambayi mai yin sa kullum.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka. In da ƙarya a ciki ta Gizo ce, ni aro na yi. Wanda kuma ya bar mini itace a ruwa, gobe da safe ina da duwatsu a bayan ɗaki, gwafa kuma ya san inda ake sarowa.